Zuwa gida da ƙananan yara: takardu, iyaka da hanyar da iyalan Mashi mazauna ƙetare ke bi

Ga mutumin Mashi, zama a ƙasar waje iri biyu ne. Ƙaramar hukumar, wadda ke kan titin Katsina zuwa Daura, ta yi iyaka da Jamhuriyar Nijar ta arewa. Ɗan garin da ya yi gida a Maraɗi ko Tasawa baƙo ne a wata ƙasa a idon doka, alhali kuwa yana iya karya kumallo a can ya yi sallar azahar a ƙofar gidan mahaifinsa. Akwai kuma waɗanda neman abinci ko karatu ya kai su nesa, irin su Jidda, Makka, Alƙahira, Sudan da Ingila, waɗanda sai sun yi tanadin shekara kafin su kawo 'ya'yansu su ga kakanni. Duka ɓangarorin biyu suna cin karo da abu guda a hanya. Babba yakan wuce shingen bincike da harshensa da sanayya da katin da ke aljihunsa, amma yaro ba shi da abin da zai shaide shi sai takarda, kuma takardar ce aka fi yin sakaci da ita.

Mashi da iyakarta

A tsarin siyasa Mashi tana shiyyar Daura, wato mazaɓar sanatan Katsina ta Arewa mai ƙananan hukumomi 12. A tsarin sarauta kuma tana ƙarƙashin masarautar Katsina, hakiminta shi ne Iyan Katsina. Ƙidayar 2006 ta nuna mutanenta sun haura 170,000.

Layin da ya raba ta da Nijar bai kai shekarun zumuncin da ya ratsa ba. Ingila da Faransa ne suka shata shi a yarjejeniyoyin 1898 da 1904 da 1906, sannan tawagar Tilho da O'Shee ta bi ƙasa tana kafa alamomi tsakanin 1906 da 1908. Kafin nan, gidan sarautar Haɓen Katsina da jihadi ya kora a farkon ƙarni na 19 ya riga ya kafu a Maraɗi, shi ya sa har gobe sarkin Maraɗi ke amsa sunan Sarkin Katsina. Masanin siyasa William Miles, wanda ya zauna a ƙauyukan 'Yardaje da Yekuwa da ke fuskantar juna a yankin Daura, ya wallafa littafi a 1994 kan yadda wannan layi ya raba jama'a ɗaya gida biyu, kowane da hukumarsa da harshen makarantarsa da kuɗinsa. Aure da suna da gaisuwar rasuwa ba su daina tsallake shi ba, domin zumunta a ƙafa take.

Shekarun rufewa da buɗewa

A doka, tushen zirga-zirgar shi ne yarjejeniyar ECOWAS ta 1979, wadda ta bai wa ɗan kowace ƙasa ta ƙungiyar damar shiga wata ya yi kwana 90 ba tare da biza ba, muddin yana da takardar tafiya mai inganci da shaidar rigakafi. Mutanen bakin iyaka sun daɗe suna morar kashin farko na wannan magana, ba su damu da na biyun ba, saboda ba a cika tambayarsu ba.

Abin ya fara sauyawa a watan Agustan 2019, lokacin da gwamnatin Muhammadu Buhari ta rufe iyakokin tudu da sunan yaƙi da fasa-ƙwaurin shinkafa da makamai. An hana kaya wucewa, an kuma matsa wa mutane lamba kan takardu. A Nuwamban shekarar aka haramta kai man fetur gidajen mai da ke cikin kilomita 20 daga iyaka, abin da ya tsadar da kuɗin mota da na babur a ƙauyukan yankin. Annobar korona ta zo a Maris na 2020 ta ƙarasa toshe ƙofar. Da aka buɗe iyakoki huɗu a Disamban 2020, wato Seme, Illela, Maigatari da Mfum, jihar Katsina ba ta samu ko ɗaya ba, duk da cewa jihar shugaban ƙasa ce. Sai a Afrilun 2022 aka buɗe ta Jibiya.

Ba a cika wata 16 da hakan ba sojoji suka kifar da gwamnatin Mohamed Bazoum ranar 26 ga Yulin 2023. ECOWAS ta ƙaƙaba takunkumi, Najeriya ta sake rufe iyaka ta kuma katse wa Nijar wutar lantarki. Ƙungiyar ta janye takunkumin a Fabrairun 2024, Shugaba Bola Tinubu ya ba da umarnin buɗewa ranar 13 ga Maris. A tsawon waɗannan rufe-rufe, magidanta da matasa sun ci gaba da ratsawa ta hanyoyin daji a kan babur, suna biyan abin da aka yanka musu. Mai jego da goyo da wani yaron a hannu ba ta da wannan zaɓi sai da kasada. Lissafin asarar da aka riƙa bugawa a jaridu na tireloli ne da buhunan kaya, babu wanda ya ƙidaya sunayen da aka raɗa ba tare da kakar jariri ta halarta ba.

Ranar 29 ga Janairun 2025 ficewar Nijar da Mali da Burkina Faso daga ECOWAS ta tabbata. Ƙungiyar ta ce za ta ci gaba da karɓar fasfo da katin shaidar 'yan ƙasashen uku masu tambarinta, har sai an sanar da wani abu dabam. Su ma ƙasashen uku sun sanar tun a Disamban 2024 cewa 'yan ECOWAS za su shiga ba tare da biza ba, amma sun riƙe ikon mayar da wanda ba su amince da shi ba. A Janairun 2025 kuma Nijar ta kafa doka mai tsauri kan shiga da zaman baƙi, wadda ta tanadi ɗauri ga wanda ya shiga ba bisa ƙa'ida ba. Ma'anar wannan duka ga iyali ita ce, abin da a da yake haƙƙi ne rubutacce a yarjejeniya yanzu ya rataya ne ga sanarwar gwamnatoci, kuma sanarwa ana iya janye ta da safe ɗaya. Abin lura, a cikin wannan shekarar ne sabon kundin mulkin sojan Nijar ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Harshen ya samu ɗaukaka a daidai lokacin da masu shi ke ƙara shan tambaya a kan layi.

Wace takarda ce ta yaro

Sashe na 25 na kundin tsarin mulkin 1999 ya bayyana cewa duk wanda aka haifa a wajen Najeriya, kuma ɗaya daga cikin iyayensa ɗan Najeriya ne, to shi ma ɗan ƙasa ne ta hanyar haihuwa. Ba a ce uba kaɗai ba, uwa ma tana bayarwa. Sashe na 28 ya kuma halatta wa irin wannan yaro riƙe ƙasa biyu. Nijar ma ta yi wa dokarta kwaskwarima a 2014 ta amince da hakan. Saboda haka yaron da Bamashiya ta haifa wa Bamaraɗe yana da ƙafa a ƙasashen biyu, idan an yi masa rajista.

Wurin rajistar ne ake tuntuɓe. Dokar 1992 ta wajabta yi wa jariri rajistar haihuwa a Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa cikin kwana 60. Binciken lafiya da yawan jama'a na ƙasa na 2018 ya gano kashi 43 cikin 100 ne kawai na yara 'yan ƙasa da shekara biyar aka yi wa rajista, kuma karkara ta fi birni baya. Takardar da asibiti ke bayarwa bayan haihuwa sheda ce ta an haihu a can, ba ta maye gurbin ta hukumar. Wanda aka haifa a waje kuwa, takardar haihuwar ƙasar da aka haife shi ce ake kaiwa ofishin jakadancin Najeriya a nema masa fasfo da ita.

An daɗe da barin zamanin da ake liƙa hoton yaro a fasfon mahaifiyarsa. Kowane yaro, ko na kwana arba'in ne, da nasa fasfon, kuma na shekara biyar ake ba wanda bai kai 18 ba. Hukumar Kula da Shige da Fice tana neman takardar haihuwa, lambar NIN ta yaron, da wasiƙar amincewar iyaye. Daga 1 ga Satumban 2025 kuɗin fasfo mai shafi 32 ya koma naira 100,000 a cikin gida, bayan ya kasance 50,000 shekara guda kafin nan. Mazauna waje suna biyan dala 150. Magidanci mai 'ya'ya huɗu zai kashe naira 400,000 kafin ya sayi tikitin mota, wato kusan albashin wata shida na wanda ke karɓar mafi ƙarancin albashi na naira 70,000. Akwai takardar tafiya ta ECOWAS da hukumar ke bayarwa a farashi mai sauƙi, wadda 'yan kasuwar kan iyaka suka saba da ita, sai dai tun farkon 2025 jaridun Najeriya suka ruwaito ana mayar da wasu masu ɗauke da ita a mashigar Nijar. Iyalin da zai dogara da ita yana bukatar ya tambayi halin da mashigar take ciki a makon tafiyar.

Matsalar ta fi tsanani ga 'ya'yan 'yan takari a Saudiyya. Ƙasar ba ta ba da shaidar zama ɗan ƙasa don an haifi mutum a cikinta. Iyayen da takardar zamansu ta ƙare kan guji asibitin gwamnati da ofisoshi, sai yaro ya girma ba shi cikin littafin kowace ƙasa. Irin wannan yaro ba ya zuwa hutu gida. Idan ya zo, yawanci da takardar tafiya ta gaggawa ce daga ofishin jakadanci, wadda ke kawo mutum gida kawai ba ta mayar da shi. Yaƙin Sudan da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023 ya nuna yadda rana ɗaya kan mayar da takarda abin ceton rai: Najeriya ta kwaso mutane sama da 2,000, wasunsu bayan kwanaki suna jibge a iyakar Masar suna jiran izinin wucewa.

Abin da ya sa ake tsare mace da yara

Uwar da ta taso daga Matamaye ko Tasawa da yara uku ba tare da mijinta ba takan ji zafin tambayar da ake mata a shinge: 'ya'yan wane ne, ina ubansu, ina za a kai su. Tambayar tana da asali. A Oktoban 2013 aka tsinci gawawwaki 92 a hamadar arewacin Nijar, kusa da iyakar Aljeriya, bayan motocin da suka ɗauko su sun lalace. Yara 52 ne a ciki da mata 33, akasarinsu daga yankin Kance da ke maƙwabtaka da ƙasar Daura. Bala'in ya fito da wata hanya da ake bi da mata da yara zuwa bara a biranen Aljeriya, wani lokaci da yaran da ba na matar ba. Nijar ta kafa dokar hana safarar baƙin haure a 2015, sojoji suka soke ta a Nuwamban 2023. A Najeriya kuwa hukumar NAPTIP, wadda aka kafa a 2003, ita ke da hurumin safarar mutane, kuma mashigun Katsina na cikin inda take sa ido.

Al'adar riƙo ta ƙara rikita lamarin. A Hausa goggo ko inna ko yaya ta ɗauki ɗan 'yar'uwarta ta tafi da shi abu ne na yau da kullum, kuma "ɗana ne" za ta ce, ba ƙarya ta yi ba. Jami'in da ke duba takarda yana neman sunan da ya dace da suna. Abin da ke raba gardama shi ne takardar haihuwar yaron, da wasiƙar amincewa mai sa hannun uba ko uwar da ba ta cikin tafiyar, da kwafin katin shaidarsu da lambar wayar da za a same su. Rashin waɗannan ne ke buɗe ƙofar na goro, kuma wanda ya saba biya a shinge ɗaya zai biya a na gaba.

Damina, sauro da katin rigakafi

Najeriya da Nijar duk suna neman shaidar rigakafin shawara daga matafiyin da ya kai wata tara. Katin yana fara aiki kwana goma bayan allurar, kuma tun Yulin 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce allura ɗaya ta isa har ƙarshen rayuwa. Wanda ya yi wa yaro allurar ana gobe tafiya bai cika sharaɗi ba.

Babban haɗarin dai zazzaɓin cizon sauro ne. Dogon hutun makarantun Turai da na ƙasashen Larabawa yana faɗowa tsakanin Yuni da Agusta, daidai da damina a Katsina, lokacin da cutar ta fi kisa. Yaron da aka haifa a Landan ko Jidda jikinsa bai taɓa haɗuwa da ita ba, iyayensa ma kariyar da suka tashi da ita tana raguwa bayan shekaru a waje. Likitocin ƙasashen da ba su da cutar sun san cewa masu zuwa ganin dangi sun fi 'yan yawon buɗe ido komawa da ita, domin sukan ɗauka gida ba ya cutarwa, su ƙi shan maganin kariya. Mashi na da tarihi a yaƙin da ake da cutar: tana cikin ƙananan hukumomin Katsina da aka fara gwada rabon maganin kariya na damina daga 2013, wanda ake bai wa yara 'yan wata uku zuwa wata 59 sau ɗaya kowane wata. Wannan shiri na yaran da ke zaune a wurin ne. Baƙon yaro maganinsa dabam ne, likita ke rubuta shi kafin tafiya, a haɗa da gidan sauro. Duk zazzaɓin da ya taso bayan an koma, ko da makonni sun wuce, dole a faɗa wa likita inda aka je.

Masu zuwa da rani kuma suna shiga lokacin sanƙarau, wanda ke tashi daga hunturu zuwa bazara a duk faɗin wannan yanki. Najeriya ce ƙasar farko da ta fara amfani da sabuwar allurar da ke kare nau'i biyar na cutar a 2024. Mashaƙo ya ɓarke a arewa tun ƙarshen 2022, Katsina na cikin jihohin da ya taɓa. An ayyana Afirka ta rabu da ainihin ƙwayar shan inna ranar 25 ga Agustan 2020, amma wani nau'inta na ci gaba da yawo a arewa maso yamma, shi ya sa Saudiyya ke neman shaidar rigakafinta daga masu shigowa daga Najeriya. Katin rigakafin yaro na ƙasar da yake zaune ya cancanci zama a jaka ɗaya da fasfo.

Fitar yini guda daga Mashi

Wanda ya iso lafiya, zaman Mashi ya sa shi a tsakiyar wuraren da yaran Hausawa ke karantawa a littafi. Daura tana gabas, tafiyar da ba ta kai awa guda ba a mota. Can ne rijiyar Kusugu take, a cikin ginin da aka kewaye ta da shi, inda labarin baka ya ce Bayajidda ya kashe macijiyar da ke hana ɗibar ruwa sai ranar Juma'a, sannan ya auri sarauniya Daurama. Ana barin baƙi su ja guga da hannunsu, abin da yaron da ya tashi da famfo ba ya mantawa, ko da yake cikin da bai saba ba gara a ba shi ruwan da aka zo da shi. Fadar Sarkin Daura, Alhaji Umar Faruk Umar, wanda ke kan gado tun 2007, tana kusa. Hawan Sallah da Sallar Gani ta watan Maulidi su ne lokacin ganin dawakai, su ne kuma lokacin da ƙaramin yaro ya fi saurin ɓacewa cikin cunkoso. Tun bayan binne Buhari a gidansa ranar 15 ga Yulin 2025, garin ya ƙara samun masu ziyara.

Wurin da aka fi mantawa da shi shi ne Durɓi ta Kusheyi a ƙaramar hukumar Mani, maƙwabciyar Mashi. Tuddai ne na kaburbura da ake dangantawa da sarakunan Durɓawa, gidan da labarin baka ya ce ya fara da Kumayau ya ƙare da Sanau, wanda Korau ya kayar a kokawa ya karɓe sarautar Katsina. Jami'in mulkin mallaka Herbert Palmer ya tona wasu a 1907, sannan masu bincike daga Jamus tare da hukumar gidajen tarihi ta Najeriya suka tona wasu a 1992. An samu kayan zinariya da tagulla, duwatsun ado, wuri, da tasa irin ta ƙasashen Musulunci na gabas, shaidar cewa ɗaruruwan shekaru da suka wuce wannan ƙasa tana cinikayya da duniya. A birnin Mainz na Jamus aka gyara kayan. Wurin kansa ba shi da wani tanadi na kirki ga baƙo, don haka mai zuwa da yara sai ya taho da ruwansa da abincinsa, ya kuma zo da safe, musamman daga Maris zuwa Mayu da zafi ke haura digiri 40.

Ta yamma akwai birnin Katsina: hasumiyar Gobarau ta ƙasa mai tsawon kimanin mita 15, fadar sarki ta Gidan Korau, da tsohuwar Kwalejin Katsina da Gwamna Hugh Clifford ya buɗe a 1922, inda Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa suka yi karatu, wadda yanzu gidan tarihi ce. Matakalar hasumiyar ƙunci gare ta, ba ta dace da mai tatata ba.

Batun tsaro ba ya ɓoyuwa. Hare-haren 'yan bindiga sun fi ƙamari a yammaci da kudancin jihar, irin su Jibiya, Batsari, Safana, Ɗanmusa, Ƙanƙara da Faskari, kuma babbar hanyar Maraɗi ta Jibiya take bi. Shiyyar Daura ta fi samun sauƙi, amma ba a ce ta tsira ba: a ƙofar gidansa a cikin garin Daura aka sace Magajin Gari, Alhaji Musa Umar Uba, ranar 1 ga Mayun 2019, sai bayan wata biyu aka kuɓutar da shi a Kano. Gwamnatocin Birtaniya da Amurka sun sa jihar baki ɗaya cikin wuraren da suke gargaɗin mutanensu kada su je, ba su bambance Mashi da Faskari ba. Wannan yana da tasiri a aljihu, domin inshorar tafiya da aka saya a can takan faɗi idan mutum ya shiga inda gwamnatinsa ta hana. Iyalin da ya zo daga waje kuma ana yi masa kallon mai kuɗi ko da bashi ya ci ya zo, kuma hotunan isowa da ake sakawa a Facebook da TikTok suna isa inda ba a nufa ba. A kan titi kuwa, Hukumar Kiyaye Haɗurra ta ce yaron da bai kai shekara 12 ba a baya yake zama, amma motocin haya da ke bin Katsina zuwa Daura ba su san kujerar jariri ba. Wanda ya saba da ita a waje sai dai ya ɗauko tasa a jirgi.

Jirgin ƙasan da ake jira

A Fabrairun 2021 aka ƙaddamar da aikin layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi, mai tsawon kimanin kilomita 284, wanda aka bai wa kamfanin Mota-Engil na ƙasar Fotugal a kan kusan dala biliyan biyu. Layin zai bi ta Dambatta, Kazaure, Daura, Mashi, Katsina da Jibiya. Idan ya kammala, iyalin da ya sauka a filin jirgin Malam Aminu Kano zai iya isa Mashi ba tare da ya canja motar haya a tashoshi ba, na Maraɗi kuma ya zo ya koma a yini ɗaya. An tsara aikin ne lokacin da Mahamadou Issoufou ke mulki a Yamai, ƙasashen biyu kuma suna ƙungiya ɗaya. An sha ɗaga ranar kammala shi, kuma gwamnatocin biyu ba su bayyana irin takardar da za a nemi fasinja, babba ko yaro, ya nuna tsakanin Jibiya da Maraɗi ba.